Ranar da Janar Tsawa Ya Kankare Sunan Matarsa

Idan ana lissafin masu cika baki a unguwarmu ta Jones Town, sai an ɗauke Mas Hezekiah Mullings an ajiye shi gefe tukuna a fara ƙirga sauran. Kafinta ne, akwatin gawa yake yi, kuma a ganina sana'ar ce ta ɓata shi. Shekara ashirin yana yi wa mutanen da ba sa gardama aiki, babu mai ce masa nan ya matse ko can ya karkace, har ya ɗauka duk abin da ya fito daga bakinsa daidai ne. In zancen kamun kifi ake yi ya fi masunta sani, in na haihuwa ne ya fi ungozoma.

A shekarar 1965 kiɗan ska ya gama Kingston, babban birnin tsibirinmu. Kowace unguwa da mai kayan kiɗanta, mutum mai garmaho da manyan akwatunan lasifika da tarin fayafayai. Namu shi ne Cleveland Swaby, wanda ake kira Gwamna. In ya kafa kayansa a filin Miss Vinette, har mai ciwon baya sai ya miƙe.

Wata Asabar Hezekiah ya zauna jiran layi a shagon aski na Mas Obadiah, sai ya buɗe baki. Ya ce Gwamna ba kiɗa yake yi ba, gwangwani yake bugawa. Ya ce shi yana da fayafayai ɗari uku a gida, wani matuƙin jirgin ruwa ke kawo masa a ɓoye, in ya sa ɗaya a nan sai an ji shi har can garin Spanish Town. Mas Obadiah ya yi ta ƙifta masa ido yana nuna kujera da reza, gogan naku ya ɗauka yabo ne ya ƙara ƙaimi. Can sai mutumin da ke kishingiɗe a kujerar ya yaye tawul daga fuskarsa. Gwamna ne.

"Mas Hezzy, ashe kana da kaya haka ka bar mu muna fama da gwangwani?" in ji Gwamna, yana murmushi cikin kumfa. "To mu haɗu Litinin ɗin Ista a filin Miss Vinette, ƙarfe biyu na rana. Faifai bakwai-bakwai, in sa ka sa, ƙafafun mutane su yi alƙalanci."

Mai hankali da sai ya ce wasa yake yi. Hezekiah kuwa ya ce bakwai sun yi kaɗan amma ya tausaya masa, sannan ya ƙara sharaɗi da kansa ba wanda ya tambaye shi: wanda ya ci zai sa hannu a akwatin wanda ya faɗi ya ɗauki faifai ɗaya, duk wanda ransa ya so. Ya kuma sanar da cewa daga yau sunansa Janar Tsawa. Baki shi ke yanka wuya. Fayafayan rawa da ke gidansa a ranar guda tara ne.

Lasifika da injin ƙara sauti ya samo wajen wani mai gyaran rediyo. Akwatunan kuwa ya ce ba zai ba wani ba alhali ga shi kafinta. Kwana huɗu yana sassaƙa, da ya gama ya jingina su a ƙofar shago. Hannu ya riga ya saba: kowanne ya fito da faɗi a kafaɗa, ya tsuke wajen ƙafa, har da hannayen tagulla a gefe. Ya rubuta JANAR TSAWA a jiki da irin rubutun da ya iya shi kaɗai. Masu wucewa suka riƙa cire hula. Miss Vinette ta tsaya ta karanta, ta ce Allah ya jiƙan Janar, ta tambaya ko za a yi zaman makoki ta kawo kofi.

Saura maganar fayafayai. A zamanin, duk mai kayan kiɗa da ya san kansa ba ya barin takardar da ke tsakiyar faifai. In ya sami waƙa mai zafi sai ya sa sule ko reza ya kankare sunanta da na mawaƙin, don kada mutanen abokin hamayya su leƙa su karanta su je su sayo irinta. Saboda haka faifai mai kankararriyar fuska abin tsoro ne. Hezekiah ya zauna ya yi tunani irin nasa. Guda tara ba za su razana kowa ba. Amma in aka buɗe akwati aka ga arba'in, duk a kankare, Gwamna zai sha jinin jikinsa tun kafin a sa allura. Taransa za su zauna a gaba, sauran cikon benci ne.

Ya bi gida-gida yana aron duk faifan da ya zo daidai da girman nasa, yana cewa zai wanke musu ne da wani ruwan magani. Fasto ya ba shi na wa'azi. Malamar makaranta ta ba shi na koyon Sifaniyanci. Wani tsohon soja ya ba shi na motsa jiki. Miss Vinette ta ba shi wanda ta saya don koya wa akun da take kiwo magana. Ya haɗa da waƙoƙin jana'iza da yake sa wa masu zuwa zaɓen akwati. Ya zauna da sule ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har babban yatsansa ya yi kanta. Da ya ƙirga sai ya ga talatin da tara, shi kuma arba'in ya yi niyya. Nan ya tuna da adakar matarsa.

Miss Icilda, ko Miss Icy kamar yadda muke kiranta, soyayyen kifi da wainar rogo take sayarwa a bakin layi. Ba kowa ya san cewa kafin aure ta taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Rana ɗaya ce tak, ita da masu busa uku da mai ganga da mai jita. Mutumin da ya ɗauki waƙar ya buga kwafi kaɗan, ya hau jirgi ya tafi Ingila, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kwafi ɗaya ya rage a hannunta, tana ajiye shi a ƙasan adaka cikin zannuwan gado da kafur. A jikin takardarsa an rubuta Icilda Tulloch, sunanta na kafin aure, da jan tawada. Nan kaɗai aka taɓa buga sunanta a duniya. Mijinta bai taɓa zama ya saurari faifan ba, ya ce waƙar mata ce ta lallashin yara. Ya jira ta tafi kasuwa, ya ciro shi, ya kankare.

Ranar Asabar ta buɗe adaka za ta ɗauki zanin gado na Ista. Ta fito tsakar gida ta same shi yana goge takalmi.

"Hezekiah, ina faifaina?"

Ya ce yana cikin rundunar Janar, ya kamata ma ta yi alfahari. Ta je ta buɗe akwatin fayafayan ta ga fuskoki arba'in farare fat. Ta juyo ta dube shi.

"Sunana fa?"

"Haba Icy, suna ai takarda ce kawai. Sirrin sana'a ne, ba za ki gane ba."

"In Gwamna ya ci ka ya sa hannu ya ɗauki nawa fa?"

Ya yi dariya ya ce wa zai bar zafafan waƙoƙi ya ɗauki na lallashin yara, kuma ma wa ya ce za a ci shi. Ta ce ya ba ta kayanta. Ya ce mutanen Gwamna sun riga sun leƙo sun ƙirga arba'in, in aka ga talatin da tara za a ce ya tsorata. Ya rufe akwati ya sa kwaɗo. Miss Icy ba mai hayaniya ba ce. Ta koma ta ci gaba da gyaran kifinta, amma ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ranar ba ta sa masa barkono a nasa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Litinin da hantsi Janar ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, ya ɗinka gezar labule a kafaɗu, ya ɗora hular kwandastan bas. Ya loda kaya a amalanke, ya ƙi yarda kowa ya taya shi turawa, wai kada a saci sirri. Mutanen layi suka ga akwatuna biyu a kan amalanke suka jeru a baya suna rera waƙar rakiyar gawa a hankali, wasu mata har da share ido da gefen zani. Yana juyowa yana zaginsu suna cewa ya yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne.

A gangaren da ke kusa da filin ne akuyar da za a yanka don miyar kori ta tsinke igiya ta shige tsakanin ƙafafunsa. Amalanke ya yi gaba, Janar ya yi baya. Akwatin fayafayai ya bugi dutse, kwaɗo ya ɓalle, arba'in suka watse suna gangarawa kowanne da inda ya nufa. Jama'a suka bi su, wani daga ƙarƙashin keken mai ƙanƙara, wani daga bakin kwata, aka tattaro aka zuba masa yadda aka samu. Babu wanda ya fashe. Babu kuma wanda ya san ina taran nan suka shiga.

Mas Obadiah ya matso ya tambaye shi a hankali ko ya yi musu wata alama, kamar yadda masu sana'ar ke yi da ɗigon fenti ko ƙusa. Hezekiah ya dube shi da tausayi.

"Alama ai ta 'yan koyo ce, Mas Obie. Ni da hanci nake gane kayana."

Ƙarfe biyu fili ya cika. Ana sayar da burodin Ista da cuku, ga tukunyar kori tana tafasa tunda an kamo akuyar, ga Miss Icy a gindin mangwaro da kaskonta, ba ta ko kallon inda mijinta yake. Gwamna ya fara sa faifansa. Masu busa suka ɗauka, jita ta riƙa sara a bayan ganga, kafin a yi haka ƙura ta tashi, tsofaffi da yara duk sun sunkuya suna jefa hannu gaba da baya.

Aka zo kan Janar. Ya ɗauki abin magana ya ce duk mai ciwon zuciya ya fita tun da wuri. Ya zaro faifai ya shinshina, ya ji ƙamshin kafur, ya yamutsa fuska. A sana'arsa kafur na gawa ne, don haka ya tabbata waƙar jana'iza ce, ya tura shi can baya. Ya zaro wani ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya ɗora allura. Akwatunan nan biyu, a faɗi gaskiya, suna da murya. Muryar wani mai wa'azi ta fito kamar aradu tana tambayar masu rawa da masu shan giya ina za su ɓuya ranar hisabi. Wani da ya kai kwalba baki ya sauke ta a hankali. Fasto, wanda ya zo wai don ya ga irin ɓarnar da ake yi, ya miƙe ya ce wannan ai faifansa ne.

Hezekiah ya ce da gangan ya yi, ba a fara babban aiki ba tare da addu'a ba.

Gwamna ya sa na biyu, aka yi rawa. Janar ya shinshina ya sa nasa. Wata mata ta ce da murya mai sanyi a maimaita bayanta, ta shiga koya wa Jones Town yadda ake tambayar hanyar tashar jirgi da Sifaniyanci. Jama'a suka maimaita gaba ɗaya. Ya ce sabon salo ne daga Kuba, ba su waye ba ne. Na uku wani ƙato ne ke ba da umarni a ɗaga hannu, a taɓa yatsun ƙafa, ɗaya, biyu. Tsohon sojan ya fito tsakiyar fili ya ƙame, mutane suka bi shi suna yi suna faɗuwa don dariya. Na huɗu waƙar rakiyar gawa ce, kuma daga cikin waɗannan akwatuna ta fito, har wata tsohuwa ta fashe da kukan gaske ta ce ta tuna mijinta.

"Janar," in ji Miss Vinette daga kan kujerarta, "hancin nan naka mura yake yi ne?"

"Dabarar yaƙi ce, Miss Vie. Ana barin abokin gaba ya gaji tukuna."

"To ka yi sauri, mu ne muka fara gajiya."

A na biyar Allah ya taimake shi ya faɗa kan ɗaya daga cikin taran. Ya buga ƙirji ya ce ga sirrin da matuƙin jirgi ya kawo. Sai dai waƙar da Gwamna ya gama sawa ce yanzu-yanzu, wadda ake sayarwa a kowane kanti. Na shida waƙar lallashin jariri ce ta gaske, ta wata maƙwabciya. A nan masu aro suka fara kewaye teburinsa, kowa na tambayar wane irin ruwan magani ne ke cinye takarda. Gumi ya jiƙa gezar labule. Ido ya raina fata.

Saura ɗaya. Hancinsa ya ci amanarsa sau shida, sai ya yanke shawarar ya saɓa masa. Ya miƙa hannu can baya ya zaro mai ƙamshin kafur, ya ce a ransa in jana'iza ce to tasa ce. Ya ɗora allura ya rufe ido.

Ganga ta buga sau uku, masu busa suka shigo tare, sannan wata murya ta mace ta hau kansu, mai kauri da zaƙi, tana yi wa wani saurayi tsiya cewa ya yi mata alkawarin gida mai bene ga shi ko laima ba shi da ita. Nan take fili ya ɓarke da rawa. Masu cin kori suka ajiye kwano. Fasto ya riƙa buga ƙafa a ƙarƙashin kujera yana kallon sama. Gwamna kansa ya bar kayansa ya matso yana kasa kunne. A gindin mangwaro kifi na ƙonewa a kasko, Miss Icy na tsaye da cokali a hannu, hawaye na bin kumatunta. Shekara huɗu ke nan ba ta ji kanta da ƙarfi haka ba.

Da waƙar ta ƙare aka yi ta ihu a sake. Hezekiah ya buɗe ido, ya gyara hula, bakin ya dawo. Ya ɗauki abin magana ya ce wannan wata shahararriyar mawaƙiya ce daga New Orleans, ba zai faɗi sunanta ba, shi kaɗai ke da faifanta a duk tsibirin. Bai gane muryar da ke kiransa cin abinci kullum ba.

Amma ɗaya ba ta cin shida. Aka tambayi jama'a, suka ce Gwamna ya ci, ko da yake sun gode wa Janar da darasin Sifaniyanci. Gwamna ya naɗe hannun riga ya ce ba sai ya wahala ba, wancan na kan garmaho yake so.

Kafin ya kai hannu Miss Icy ta iso. Ta goge hannunta a zani, ta ɗauke faifan, ta jefa shi cikin akwati, ta sa hannu biyu ta juya fayafayan nan kamar mai wankin shinkafa. Ta ja da baya.

"Mas Obie, kai ne shaida. Cewa aka yi ya sa hannu a akwati, ko a kan garmaho?"

Mas Obadiah ya ce a akwati, da kunnensa ya ji. Gwamna ya leƙa ya ga fuskoki arba'in iri ɗaya. Ya juya ya ce wa Hezekiah ya nuna masa wanne ne, in shi ɗan halak ne. Hezekiah ya leƙa shi ma.

"Ban sani ba," ya ce. Mutanen layinmu sun ce wannan ce gaskiya ta farko da aka ji daga bakinsa.

Gwamna ya daɗe yana dubawa, ya ɗaga wannan a rana, ya ajiye, ya auna wancan a tafin hannu. Sai a lokacin Hezekiah ya kalli fuskar matarsa ya fara gane muryar wa ke cikin akwatin. A ƙarshe Gwamna ya zaro ɗaya ya kai kan kayansa masu ƙarfi ya sa da kansa. Wata murya ta fito tana cewa, "Aku kyakkyawa, ce ina kwana. Aku kyakkyawa, ce ina kwana." Daga cikin gidan Miss Vinette akun ya amsa.

Sai da dariya ta lafa Miss Icy ta sunkuya kan akwatin. Ta bi gefen fayafayan da hanci sau ɗaya, ta ji ƙamshin kafur, ta zaro nata. Hezekiah ya fara cewa ai dama haka ya tsara, kankarewar ce ta cece su. Ta miƙa masa abin magana.

"Wace ce mawaƙiyar New Orleans ɗin?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Ba su ji ba. Kai da ake jin ka a Spanish Town." Ta ɗora faifan a kan garmaho ta riƙe allurar a sama. "Shekara huɗu sunana na kan takarda a ƙasan adaka babu mai karantawa. Ka ce takarda ce kawai. To tunda ka kankare, kai ne takardar yanzu."

Ya faɗa da ƙarfi, daga cikin akwatunan gawarsa biyu: Icilda Tulloch. Ta saki allura. Sau biyar aka sa waƙar kafin rana ta faɗi, kuma kowane sawa sai ya faɗi sunan tukuna. Kifin da ya ƙone ma an saye shi tas.

Washegari masu aro suka yi layi a ƙofar shago, aka yini ana sa fayafayai ɗaya-ɗaya don kowa ya gane nasa. Akwatunan biyu ba su yi asara ba, kafin watan ya ƙare an cire lasifikan an yi amfani da su a aikinsu na asali. Sunan Janar Tsawa kuwa bai kai Talata ba. Har ya tsufa, in baƙo ya shigo layinmu yana neman kafinta, sai a nuna masa shagon a ce ya tambayi mijin Icilda Tulloch.